Daga Kofin Gida zuwa Kofin Ƙasa: Tarihin Gasar Wasanni Tsakanin Makarantun Sakandaren Kaduna

Gasar wasanni tsakanin makarantun sakandare iri biyu ce. Akwai wadda makarantu maƙwabta ke haɗa kai su kafa ƙungiya ta dindindin, su tsara jadawalinsu da kansu, kowace ta kara da kowace, gida da waje, shekara bayan shekara. Akwai kuma wadda hukuma ko wani mai hali ke ajiye kofi, a gayyato makarantu, a yi sili-ɗaya-ƙwale, wadda aka doke ta koma gida sai baɗi. Kaduna da sauran biranen Arewa ta biyun suka gada. Wannan gado shi ne ya sa gasar ta yi ƙarfi a lokacin da gwamnati ke da kuɗi da sha'awa, shi ne kuma ya sa ta yi sanyi da zarar hannun da ke riƙe da kofin ya gaji.

Tushen abin yana Ingila, a makarantun kwana na 'ya'yan manya irin su Eton da Harrow, waɗanda tun 1805 suke karawa da juna a wasan kurket. A can ne aka raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da shugabansa da launinsa, ana kuma ganin filin wasa wuri ne na koyon biyayya da shugabanci, ba na motsa jini kawai ba. Turawan da suka zo koyarwa Arewa yawancinsu 'ya'yan irin waɗannan makarantu ne, abin da suka sani kuwa shi suka shuka. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ita ce mafari, amma inda tsarin ya kafu sosai shi ne Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya yi bikin buɗe ta a 1922. La'asar a kwalejin ta fili ce. Ana buga ƙwallon ƙafa da kurket, ana guje-guje da tsalle-tsalle, sannan ga wasan fayif.

Fayif ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don shi ne wasan makaranta da Arewa ta mayar nata. Ƙwallo ce ake bugawa a jikin bango da tafin hannu, mutum biyu-biyu, cikin wani ɗaki mai bango uku wanda ba shi da rufi. Wani malami Bature mai suna Hogben ne ya kawo shi a shekarun 1920, lokacin da yake koyarwa a Birnin Kebbi da Katsina. Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a kwalejin daga 1926 zuwa 1931, gwani ne a wasan, har ya zama kyaftin, bai kuma daina bugawa ba bayan ya zama Firimiya. Da yake kwalejin malamai take yayewa, duk inda aka tura ɗalibinta sai ya nemi a gina masa bango. Ta haka wasan da a Ingila bai wuce 'yan makarantu ƙalilan ba ya zama abin da jama'a ke taruwa kallo a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi, ana buga shi da ƙwallon tanis.

Taron farko da ya riƙa haɗa makarantu daban-daban a fili ɗaya shi ne na Ranar Empaya, 24 ga Mayu, ranar haihuwar Sarauniya Victoria. Yara su yi maci a gaban Razdan ko Di'o da Sarki, daga nan a shiga tsere, da gudun buhu, da jan igiya. Biki ne na nuna biyayya ga mulkin Turawa, amma daga cikinsa yara suka fara sanin daɗin a ce makarantarsu ta fi ta wasu.

Wajen 1930, a zamanin da E. R. J. Hussey yake Daraktan Ilimi, aka sake fasalin makarantun larduna suka zama Midil. Kusan kowane lardi da tasa: Kano, Zariya, Katsina, Sakkwato, Bauchi, Bida, Ilori, Yola, Maiduguri. A nan ne dalilin rashin ƙungiya ta dindindin yake. Makaranta ɗaya ce a lardi guda, tsakaninta da 'yar'uwarta tafiyar yini ce ko fiye, a bayan babbar mota ko a jirgin ƙasa, da damina kuwa wasu hanyoyin ba sa biyuwa. Ba yadda za a yi a buga gida da waje kowane mako. Abin da zai yiwu shi ne a yi haɗuwa ɗaya ko biyu a shekara, baƙi su kwana a ɗakunan masu masauki, a ci tuwo tare, gobe a fafata. Sauran shekara kuwa gasar cikin gida ce, tsakanin gidajen kwana. Shi ya sa har yau tsohon ɗalibi kan fara faɗin gidansa kafin ya faɗi shekarar da ya gama.

A shekarun 1930 ne aka fara ajiye manyan kofuna na ƙasa. Makarantun Yamma suna da Kofin Grier, na Gabas suna da Garkuwar Fisher, sai Garkuwar Hussey, wadda ke haɗa zakarun guje-guje na sassan ƙasar. Daga baya 'yan mata suka sami nasu, Kofin Lady Manuwa. Duk sunayen mutane ne, domin duk kyauta ce daga sama.

Kwalejin Katsina ta ƙaura zuwa Kaduna a 1938, ta sake ƙaura zuwa Zariya a 1949, sai a 1971 ta karɓi sunan da aka san ta da shi yanzu, Barewa. Sunayen gidajenta kaɗai tarihi ne: Lugard, Clifford, Ɗan Hausa, Malam Smith, Nagwamatse, Bello Kagara. Daga shekarun 1940 zuwa na 1960 kuwa, tsakanin Kaduna da Zariya, tafiyar kilomita 80 ko ƙasa da haka, makarantu suka yi yawan da a karon farko za a iya cewa ga maƙwabta. A Zariya, ban da Barewa, akwai tsohuwar Midil wadda ta zama Alhudahuda, da St. Paul ta 'yan mishan ɗin Angilikan a Wusasa, da Makarantar Soja da aka kafa a 1954. A Kaduna akwai St. John ta Katolika, wadda aka buɗe a 1949, da St. Faith ta 'yan mata a Kawo, da Kwalejin Gwamnati ta Kaduna da ke Kurmin Mashi, da Kwalejin Sheikh Sabah wadda aka gina da gudummawar Kuwait. A kudancin kogin Kaduna, a Kakuri, akwai Queen of Apostles, ta 'yan mata, wadda sistocin Katolika suka kafa. Daga nesa kaɗan ga Kwalejin Gwamnati ta Keffi da Midil ɗin Kano, wato Rumfa ta yau.

Waɗannan makarantu ba irinsu ɗaya ba. Na gwamnati da na En'e sun fi ɗaukar 'ya'yan larduna. Na mishan sun fi tara 'ya'yan ma'aikatan reluwe da na ofisoshi da yaran kudancin lardin Zariya. Manhajarsu kusan ɗaya ce, amma ba masallaci ko coci ɗaya suke zuwa ba, ba kuma unguwa ɗaya suke komawa hutu ba. Fili ne kawai ke haɗa su. Irin ɗalibin da wancan zamani ke alfahari da shi kuwa shi ne mai taɓa kowane wasa. Yakubu Gowon, ɗan Wusasa, misali ne: a Barewa shi ne mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa, yana tsallen sanda, yana gudun dogon zango, kuma shi ne kyaftin ɗin damben zamani. Ba a rasa alaƙa tsakanin wannan tarbiyya da abin da gwamnatinsa ta yi wa wasanni daga baya ba.

Shekaru goma daga 1967 su ne suka sauya komai. A 1967 aka rusa jihohin yanki aka ƙirƙiro jihohi 12, Kaduna ta zama hedikwatar Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta haɗa lardunan Zariya da Katsina. Kofunan da a da ake nema da sunan Arewa baki ɗaya sai aka koma nemansu da sunan jiha. A farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Abba Kyari, gwamnati ta karɓe makarantun mishan da na ƙungiyoyi ta canza musu suna. St. John ta koma Kwalejin Rimi, St. Paul ta koma Kufena, Sheikh Sabah ta koma Kwalejin Tunawa da Sardauna, St. Faith ta koma Sakandaren 'Yan Mata ta Gwamnati ta Kawo, Queen of Apostles ta Kakuri kuma ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. Mai bin tarihin gasar dole ya riƙe sunaye biyu-biyu, in ba haka ba sai ya zaci wasu makarantu sun mutu wasu sun tsiro, alhali fili ɗaya ne, turken raga ɗaya. Abin da ya canza na gaske shi ne mai iko: daga ranar, duk makarantun da ke karawa da juna ubangidansu ɗaya ne, Ma'aikatar Ilimi.

A matakin tarayya ma haka aka yi ta gini. A 1971 aka kafa Hukumar Wasanni ta Ƙasa. A 1973 aka yi Bikin Wasanni na Ƙasa na farko a Legas, da nufin ɗinke ɓarakar da yaƙin basasa ya bari, aka kuma ware rukunin yara da matasa, waɗanda daga makarantu ake ɗebo su. A shekarar ce aka buɗe Kwalejin Gwamnatin Tarayya a Malali. A 1976 aka kafa Tarayyar Wasannin Makarantu ta Nijeriya, a 1977 kuma Kaduna ta karɓi baƙuncin bikin na ƙasa a Filin Wasa na Ahmadu Bello, wanda aka gina tun tsakiyar shekarun 1960, yana nan da an haye gada daga kudu. A shekarun nan ne aka buɗe sakandaren Kwamand ta sojoji a kudancin kogi, wadda har mahaɗar hanya ta ci sunanta.

Tsarin da ya fito daga wannan zamani kamar tsani yake. Matakin ƙasa shi ne gasar gidaje, wadda ɗalibai ke kira intahaus, galibi a zango na biyu, cikin hunturu, lokacin da fili ya bushe. A ja layi da farar ƙasa ko baƙin mai, a yi tseren mita 100 har zuwa 1500, da tseren miƙa sanda, da dogon tsalle, da jifan mashi da na dalma da na faifai. Daga nan malamin wasanni ya tsamo waɗanda za su sa rigar makaranta. Mataki na biyu shi ne shiyya, bisa yadda ma'aikata ta raba ofisoshinta, irin su Kaduna da Sabon Tasha da Rigachikun da Zariya da Kafanchan. Zakarun shiyya su haɗu a matakin jiha, jiha kuma ta tura tawaga zuwa na ƙasa. Amfanin tsanin a bayyane yake: yaro daga ƙauye, in yana da ƙafa, cikin shekara guda zai iya tsintar kansa a Legas. Illarsa kuma ita ce makarantar da aka fitar a zagayen farko ta gama wasanta na shekara da karawa ɗaya tak.

A wancan zamani Kakuri tana da wani abu da ya cike wannan giɓi, wato masana'antu. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, Nortex da UNTL da Arewa suka biyo baya a shekarun 1960, tare da kamfanin ƙera makamai na DIC da aka kafa a 1964, sai Peugeot a 1975. Dubban ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa da Tirkaniya, 'ya'yansu suka cika makarantu. Kamfanonin kuma a lokacin suna riƙe da kulob-kulob. DIC Bees, wadda ta rikiɗe ta zama Ranchers Bees, da UNTL, duk sun buga a manyan gasannin ƙasa. Ma'anar wannan ga ɗan sakandare ita ce wasan ƙarshe na makarantu ba kofi kaɗai ake nema a cikinsa ba. A bakin fili akwai masu neman 'yan wasa, bayan rigar kulob kuma akwai takardar ɗaukar aiki. Ba mamaki ba ne da a tawagar da ta ci zinare a ƙwallon ƙafa a Atlanta a 1996 aka sami haifaffun Kaduna irin su Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro. Ba makaranta kaɗai ta raine su ba, akwai ƙungiyoyin unguwa, amma Amokachi dai daga Kwalejin Gwamnati ta Kaduna ya shiga Ranchers Bees, daga can sai Belgium.

Ɗaya tsarin, na ƙungiya ta dindindin, a Amurka ya fi bunƙasa, kuma kwatanta su yana nuna abin da Kaduna ta rasa. Can makarantu shida ko takwas ko goma da ke kusa da juna, masu yawan ɗalibai kusan ɗaya, su ne ke kafa ƙungiyarsu. Shugabannin makarantun su ne majalisa. Su ke tsara jadawali, su ɗauko alƙalan wasa, su karɓi sabuwar makaranta ko su sallami wadda ta fi ƙarfinsu. Kuɗin ƙofa da gudummawar iyaye su ke tafiyar da harka. A saman waɗannan akwai ƙungiyar jiha mai kula da ƙa'idar shekaru da ta karatu, a 1920 kuma wakilan jihohi biyar suka zauna a Chicago suka kafa abin da ya zama tarayyar ƙasa. Ƙungiyoyin ma suna mutuwa: bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka riƙa haɗe ƙananan makarantun karkara, da yawa sun watse, wasu suka narke cikin wasu. Amma mutuwar ɗaya ba ta hana yara wasa, don makarantun da suka rage su ke sake zama su ƙulla wata. Dokar 1972 da ta hana fifita maza a kan mata a makarantun da ke cin kuɗin tarayya ta buɗe wa 'yan mata fili sosai. Jamaika kuwa, wadda ta gaji Ingila kamar Nijeriya, ta bi hanya ta tsakiya: gasar guje-gujenta ta makarantu ta faro a 1910 da makarantu shida, kuma ƙungiyar shugabannin makarantu ce ke riƙe da ita. A can Usain Bolt ya fara suna.

Sanyin da gasar Kaduna ta yi ba dare ɗaya ya zo ba. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya turo ɗimbin yara zuwa sakandare a farkon shekarun 1980, sai aka yi ta buɗe makarantun jeka-ka-dawo, aka kuma rage na kwana. A makarantar kwana la'asar mallakar makaranta ce. A jeka-ka-dawo ta talla ce da Islamiyya da koyon sana'a. Inda aka raba karatu safe da yamma kuwa, lokacin wasan ma aji ya cinye shi. Matsin tattalin arziki daga 1986 ya sa kuɗin mota da na riguna suka zama abin da ake fara yankewa. A 1987 aka cire Katsina daga jihar, tsofaffin abokan karawa suka koma wata ma'aikata. Filaye da dama aka datsa aka yi azuzuwa, wasu aka ci gefensu da gine-gine. Daga bisani masaƙun suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, kulob ɗinsu da ayyukansu suka bi su. Rikicin 2000 da na 2002 kuma ya sa jama'a suka sake matsuguni, kogi ya zama iyaka a zukatan mutane, har ya kai malami sai ya yi tunani biyu kafin ya haye gada da yara.

Giɓin da gwamnati ta bari kamfanoni ne suka shigo cikinsa. A 1998 aka fara Kofin Shell na ƙwallon ƙafa, a 1999 kuma gasar ƙwallon kwando ta Milo, dukansu da haɗin gwiwar Tarayyar Wasannin Makarantu. Ta Milo ita ce ta fi kama da tsarin Amurka a suna, don ta raba ƙasar rukuni-rukuni, na jihohin can Arewa ana kiransa Savannah, zakarun maza da mata kuma su haɗu a Legas. Amma kamar a suna ta tsaya: makarantar da ta ci jiharta ce ke zuwa, ta yi mako guda ta dawo, baɗi wata ce za ta je. Makarantun tarayya su ne suka fi kusa da ƙungiya ta gaske, domin suna da gasarsu ta kansu, shiyya-shiyya, kuma membobinta ba sa canzawa. A 2021 ma'aikatar wasanni ta tarayya ta farfaɗo da Kofin Firinsifal, wanda asalinsa na makarantun Legas ne, ta mai da shi na ƙasa. A wasan buɗewa a Agege, Kwalejin Gwamnati ta Kaduna ce ta kara da Kwalejin Igbobi.

Inda kyauta ta yi tsoka kuma wasa ɗaya ke yanke hukunci, sai sojan haya ya shigo. A ɗauko ƙato daga kulob ɗin unguwa, a sa masa yunifom, a aske masa gemu, a ce ɗan aji biyar ne. A ƙungiyar da maƙwabta ke haɗuwa kowane mako wannan da wuya ya yiwu, don kowa ya san ɗaliban kowa. A gasar shekara-shekara kuwa sai an dogara da takardar haihuwa da hoto da rajistar aji, wani lokaci har a yi wa ɗan wasa tambaya a kan darasi. Matsalar ta kai har sama: a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da Nijeriya ta karɓa a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a Kaduna, sai da FIFA ta kawo na'urar duba ƙashin wuyan hannu.

A yau mafi yawan sakandaren kudancin kogi masu zaman kansu ne, da yawansu kuma a gidan haya suke, ba su da ko inda za a kafa raga. Idan lokacin intahaus ya zo sai su ari filin makarantar gwamnati ko su kama hayar wani, a yi maci da kwalliya da sarauniyar gida, a gayyato makarantu uku ko huɗu su yi tseren miƙa sanda. Wannan tseren gayyata shi ne abin da ya rage na haɗuwar maƙwabta, kuma shugabannin makarantu ne ke shirya shi a tsakaninsu ba tare da jiran takarda daga ma'aikata ba. Wasannin gargajiya irin su langa da kokawa, waɗanda suka sami gurbi a Bikin Wasanni na Ƙasa, ba su cika shiga jadawalin sakandare ba. Rufe makarantu saboda annobar korona a 2020, da kuma satar ɗalibai a 2021, ciki har da na sakandaren Bethel a ƙaramar hukumar Chikun, sun sa tafiya da yara zuwa shiyyoyin nesa ta ƙara wuya, gasar jiha ta fi karkata ga makarantun cikin gari da na Zariya. Tsofaffin ɗalibai na Barewa da Rimi da Sarauniya Amina da sauransu suna da ƙungiyoyi masu rai, kuma a makarantu da dama irin waɗannan ƙungiyoyi ne ke ɗaukar nauyin gyaran fili da sayen kofi da rigunan wasa.